Littattafan da Kunka Binne

Baba Abbas,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna Riskuwa? Ya shinkafar Zauro bayan ruwa? Ni lafiya lau nake a Ingila. Karatun lauya na tafiya, aikin kula da tsofaffi kuma ba ya kisa, sai dai ciwon baya.

'Yarku Ummu Hani ta gaya mini ambaliya ta shiga ɗakin da kunka ajiye littattafan marigayi mahaifina, sun ruɓe. Ta ce kun hana a kai su juji, don akwai sunan Allah a ciki. Da yake ba ku karanta Turanci, kun kasa rarrabe na addinin Kirista da na shugabannin yaƙi da na haƙƙin ɗan Adam. Sai kunka naɗe su duka a farin ƙyalle, kunka binne a gindin dogonyaron da yakan zauna yana fassara muku kuna gardama.

Baba, na yi kuka. Rubutun hannunsa na gefen kowane shafi. Da na sani, da ranar tahowata na bar takalma da garin kuka na cika akwati da littattafan. Ana sayar da irinsu a nan, amma babu muryarsa a ciki.

Kada ku ce kun gaza riƙe amana. Ogbomosho aka kai gawarsa, garin da ban sani ba. Yanzu ina da inda zan tsaya in yi addu'a a unguwarmu ta Nasarawa. Don Allah ku hana a sare itacen nan.

'Yarku,
Fiyinfoluwa