Batirin Pantami Ba Ke Kika Kashe Shi Ba, Inna

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Yau da fushi na zo miki, ki gafarce ni.

Kin tuna batirin sola na ƙungiyar matan unguwarmu a Pantami, wanda yake riƙe firjin ƙanƙarar masu zoɓo da fura. Ke aka ba makullin ɗakin, don kowa ya san ko allura ba ta ɓata a hannunki.

Hajiya Larai, shugabar ƙungiyar, ita ta kafa doka: kada a ba batirin caji sai ya mutu murus, wai haka ake yi wa waya don ta daɗe. Kullum kina kashe layin sola, ki jira cajin batirin ya ƙare tas, sannan ki kunna. Ɗakin kuwa rufin kwano ne, ko taga babu. Kika bi dokar nan kamar lokacin salla.

Da batirin ya fara gajiya tun kafin la'asar, ƙanƙara tana narkewa, sai aka ce a ɓoye kike jona dutsen guga. A gaban mata aka karɓe makullin. Maman Ngozi mai ɗinki kaɗai ta miƙe ta rantse ba halinki ba ne. Da kika dawo gida ba ki yi kuka ba, cewa kawai kika yi, "Allah Ya gani." Daga ranar ba ki sake taka taron ba har kika bar duniya.

Inna, makon jiya a jami'a malaminmu ya nuna mana hoton cikin irin wannan batirin. Akwai wani baƙin abu a ciki, garafait, irin na bakin fensir. In ana caji yakan ɗan kumbura, in caji yana fita ya tsuke. Yau da gobe sai ya fara tsagewa kamar dugadugin ƙafa, tsagar tana ƙaruwa, ƙarfin batirin yana raguwa. Ya ce zafi da yawan ƙarar da shi tas suna hanzarta lalacewar. Wallahi sai da biro ya faɗi daga hannuna.

Dokarsu ce ta cinye shi, Inna. Biyayyarki ce suka kira sata.

Na ɗauki hoton har gidan Hajiya Larai. Ta juya shi sama da ƙasa, ta ce Allah Ya jiƙan ki, ai abin ya wuce. Ya wuce a wajen wa? Har yanzu in na bi layinsu akwai masu nuna ni da baki. Na ce wa Hajiya a gaban mata aka karɓi makullin, a gabansu za a wanke ki. Ranar Asabar akwai taro, Maman Ngozi ta ce za ta raka ni.

Na san da kina nan cewa za ki yi in bari. Wannan karon ba zan ji maganarki ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarki da ba ta huce ba,
Hauwa'u