Shamuwa a ajin Tsveti

Zuwa ga 'yata Radostina,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya a Valencia. Allah ya sassauta miki ciwon bayan nan. Mu ƙalau muke. Mahaifinki na can yana faɗa da kuringar inabinsa, wai ta ƙi toho don ta ba shi haushi.

Maganar 'yarki Tsveti ce. Kin san tun da idonta ya tafi take karatun sakandare daga ɗaki, ta kwamfuta take shiga aji, kwamfutar na karanta mata. Abin da na ɓoye miki shi ne ta daina magana a aji, har ta ce ƙarshen zangon nan za ta ajiye karatu. Na tsorata, Radostina. Farkon Maris na ɗaura mata martenitsa, zarenmu ja da fari, sai ta ce wai Kaka ba ta da tunani, ai sai mutum ya ga shamuwa yake kwancewa, ita kuwa da shi za a binne ta. Na ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, na koma kicin na yi kukana.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune kusa da ita, rana ta kwanta a kan tebur, muryar Malama Peneva na fitowa daga kwamfuta a hankali har na fara gyangyaɗi, ina ganin ki kina ƙarama a bakin kogin Danube. Sai wata ƙara ta shigo, kamar ana buga cokulan katako. Malama ta ba da haƙuri, ta ce shamuwa ne suka dawo sheƙarsu a kan turken lantarki suna kaɗa baki, bari ta rufe taga. Sai na ji muryar Tsveti tana roƙon kada a rufe. Malama ta kai kwamfutar bakin taga, aji ya yi tsit, muka yi ta saurare.

Da aka tashi Tsveti ta tambaye ni ko ji ma gani ne. Na ce wa ya isa ya ce a'a a gidana? Ta riƙe gwiwar hannuna zuwa bishiyar nan ta tsakar gida, ta laluba reshe mai fure, ta kwance zarenta ta ɗaura a kai kamar yadda muke yi. Ta ce in ɗaga ƙafa, tsohuwa, tana da darasin lissafi.

Ki gaida mijinki Zdravko da ƙanwata Nevena. Tsveti ta ce in shamuwa ba ta zo muku ba, ki kira ta wata rana lokacin aji, ki zo da zarenki ke ma ki ji su.

Mahaifiyarki,
Stoyanka