Auta Ya Zaɓi Kwamfuta

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya makaranta da ɗalibanki masu surutu? Yaya ƙafar Inna, tana shan maganin ko tana ɓoye shi a ƙarƙashin filo kamar yadda ta saba? Ki gaishe ta da kyau, ki ce ɗanta yana nan lafiya lau, sai kewarku.

Kin san halin waya a wajen aikin gadar nan. Sai na hau tudun da ke bayan ɗakin ajiye siminti nake samun sabis, shi ma ana cikin magana yake ɗaukewa. Jiya "Auta" da "sakamako" kawai na tsinta daga bakinki, layi ya mutu. Ina tsaye a nan sai ga hoton takardar sakamakon jarrabawarsa ya shigo. Malama, na yi ta buɗe hoton da yatsa ina duba lissafi da fiziks, ina sake dubawa. Na sauko daga tudun ina dariya ni kaɗai, har direban tifa ya tambaye ni ko albashi aka ƙara mana. Shi zan ba wannan takarda idan zai shiga gari.

Alhamdu lillahi. Wahalarki ce ta yi rana, ni dai suna kawai na bayar.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Na ji an fara cike fom na shiga jami'a. Ki gaya wa Auta ya sa injiniyan gine-gine a zaɓi na farko, lantarki a na biyu. Da irin wannan sakamako babu mai hana shi gurbi. Kin tuna yana ƙarami, lokacin da ya tare ruwan wanki a tsakar gida da gwangwanayen madara da laka, wai madatsa yake yi, har ruwa ya shiga miki kicin ya jiƙa buhun gawayi? Ke kina neman bulala, ni kuwa na tsuguna ina duba yadda ya jera gwangwanayen. Tun ranar na ce a raina, wannan nawa ne. Da Yayarsa ta ɗauki aikin jinya ban ce komai ba, don na ga can zuciyarta take. Amma Auta hannuna ya ɗauko.

Kar ki bari abokansa su ruɗe shi da zancen kwamfuta. Yanzu duk yaron da ya iya latsa waya sai ya ɗauka ya zama gwani. Ko a nan akwai wanda ya karanci kwamfutar, ga shi a bakin ƙofa yana rubuta lambar motocin yashi. Hanya kuwa da gada da ruwan sha, muddin akwai mutane ana bukatarsu. Kuma wanda muka yi aji ɗaya da shi, shi ne shugaban sashen gine-gine a jami'ar yanzu, zai sa masa ido. Littattafaina suna cikin akwatin ƙarfen da ke saman kwaba, ki sa a sauko da su a kaɗe, haɗe da kayan zanena.

Na so in zo mu cike fom ɗin tare, amma kogi ya fara tasowa, dole mu zuba kankaren ginshiƙan tsakiya kafin ruwa ya yi ƙarfi. Da mun gama zan nemi hutu, in sha Allah.

Ki gaishe da Auta, ki ce ya faranta min rai. Ki gaishe da Yayarsa da mijinta idan sun leƙo.

Naki har kullum,
Baban yara

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Na iso lafiya, sai gajiyar hanya. Yaya ciwon kan da kika tashi da shi ranar da zan taho? Na san ni na sa miki shi, ki yi haƙuri.

Ban kyauta ba da na ɗaga murya a falo, don na tarar an riga an tura fom da kimiyyar kwamfuta a sama. Na ce kun haɗa baki ke da ɗanki. Kika tashi kika kwashe kwanuka. Sai daga baya na tuna kin yi ta ce min a waya yaron yana da nasa ra'ayin. Ni ne nake jin rabin magana, in cike sauran da abin da raina yake so.

Kina makaranta lokacin da na fito, don haka ba ki san yadda muka rabu da shi ba. Shi ya ɗaukar min jaka zuwa tasha. Motar ba ta cika ba, muka zauna a benci kusa da mai shayi. Na kwantar da murya na sake jera masa dalilaina: aiki mai tabbas, mutunci, abin da mutum zai nuna wa jikokinsa ya ce shi ya gina. Ya saurare ni har ƙarshe, kansa a ƙasa. Sannan ya buɗe wayarsa ya nuna min manhajar da kike shigar da makin ɗalibanki. Na sha ganin kina aiki da ita, na ɗauka makaranta ce ta ba ku. Ashe shi ya rubuta ta, a tsohuwar kwamfutar Yayarsa mai fasasshen gilashi. Ya ce tun yana aji huɗu yake koya wa kansa. Ya bambanta min injiniyan kwamfuta, wato masu haɗa na'urar kanta, da kimiyyar kwamfuta, masu rubuta abin da take aiki da shi, ya kuma gaya min dalilin da ya sa ya ɗauki ta biyun. Ya yi bincikensa tsaf, har darussan shekarar farko ya sani, ya kuma san ba wasa ba ne. Ina kallon bakinsa ina mamakin yaushe muryarsa ta zama ta babban mutum.

Da na ga dalilaina sun ƙare, sai na tambaye shi kai tsaye ko aikina ne ba ya so. Ya ce, "Baba, ba ƙin aikinka nake yi ba, ina alfahari da shi. Amma ina son aikin da idan na tashi zan koma gida in ci abinci da 'ya'yana."

Bai faɗa da zafi ba, Malama. Da da zafi ya faɗa, da na sami abin yin faɗa a kai. Kwandasta ya kira fasinjoji, Auta ya sa min jaka a but, ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa na ce masa ya kula da Mamansa.

Duk tsawon hanya tunanin nawa zaɓin nake yi. Ban taɓa ba ki labarin dalla-dalla ba. Da na gama sakandare, malamin lissafinmu ya so in karanci lantarki in zauna koyarwa. A shekarar aka zo gina gada kusa da unguwarmu. Na ga injiniya da farar hular kwano yana nuni da hannu, manyan motoci suna bin umarninsa. Shi ke nan, na je na cike fom da hular nan a idona. Ban taɓa tambayar ina iyalin mutumin suke ba. Babu wanda ya gaya min cewa inda babu gada ake gina gada, kuma da an gama sai a naɗe kaya a nemi wani kogin.

Yau na zauna a ɗakin kwantenar da nake kwana a ciki ina ƙoƙarin tuno Auta yana ɗan firamare, sai na ga hotunan da kike turo min kawai nake tunawa. Ranar da aka yi masa aikin ciki, a waya na ji kukanki. Ranar da Yayarsa ta kammala karatu, Kawunsu ne ya zauna a kujerar da aka ajiye min. Kullum cewa nake yi wannan ne aiki na ƙarshe a nesa, har kika daina yi min dariya idan na faɗa.

Ki gaya masa na amince, na sa albarka. Zan faɗa masa da bakina idan sabis ya bari. Akwatin littattafan kuwa a mayar da shi inda yake. Idan an ba shi gurbi, ni zan kai shi makaranta da kaina. Na kuma rubuta wa babban ofis ina roƙon a mayar da ni sashen zane da ke can garinmu, ko da za a yanke min alawus.

Ki yafe min. Ki gaishe da Inna.

Mijinki,
Baban yara

Zuwa ga Malama, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Yaya gajiyar tafiya? Yaya jikin Inna, da Yayar Auta da maigidanta? Allah ya saka miki da alheri, ke da Kawu, da kuka kai yaron nan makaranta.

Kin riga kin ji uzurina a waya, ba sai na tsawaita ba. Ruwa ya cinye hanyar wucin gadi da muke bi mu fita, kuma ko da akwai hanya, ba zan bar ma'aikata a kan gada ruwa yana dukan ginshiƙai ba. Kin ce Auta bai nuna damuwa ba, bai ma tambayi ko ina hanya ba, ya dai ce a gaishe ni. Na san don hankalina ya kwanta kika faɗa. Amma wannan ya fi min ciwo fiye da a ce ya yi fushi, don na gane tun farko bai sa rai zan zo ba.

Gada ta kammala. Ba a ma jira bikin buɗewa ba mutane suka fara hawa. Na tsaya a gefe ina kallon mata da kaya a ka, da 'yan makaranta suna leƙen ruwa ta tsakanin ƙarafa. Motar asibiti ta wuce da gudu, wadda a da sai ta tsaya a bakin kogi ana neman mai kwalekwale. Ba zan yi miki ƙarya in ce na yi nadamar gadar ba. Aiki ne mai kyau, kuma za ta daɗe bayan raina. Sai dai da kowa ya haye ya nufi gidansa, ni ɗakin kwantena na koma.

Shekaranjiya da rana Auta ya kira ni, shi da kansa. Wani lissafi ne ya gagare shi. Ashe irin wanda muka yi ne a shekararmu ta farko, ko sauya masa riga ba su yi ba. Ina kan tudu babu takarda, sai na yagi buhun siminti na yi ta rubutu a kai ina karanta masa. Da ya gane sai ya yi dariya, ya ce ashe Baba bai manta ba. Rabon da in ji ya yi dariya da ni har na manta. Ya ba ni labarin ɗakinsu, da malaminsu mai saurin magana, da yadda wasu da suka ɗauki kwas ɗin don sun ji ana samun kuɗi suka fara neman canji. Ya ce ɗaliban da suka riga su kammalawa, wasu daga ɗakunansu suke yi wa kamfanoni aiki, wasu kuma an ɗauke su zuwa ƙasashe masu nisa. Na buɗe baki zan ce masa kwamfutar ma tana iya raba mutum da gidansa, sai na haɗiye maganar. Ya fi ni sanin abin da yake gudu. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Yanzu ga labarin da na ajiye miki a ƙarshe. Amsar babban ofis ta zo, sun amince. Wata mai kamawa zan fara aiki a sashen zane, in fita da safe in dawo da yamma kamar kowa. Abokan aiki suna ta yi min murna, ni ma ina amsawa. Shekara da shekaru nake burin wannan canji, sai ya zo a lokacin da ɗakin yara ya zama babu kowa. Ɗaya tana gidan mijinta, ɗaya yana makaranta, kuma daga can duniya zai shiga. Na karanta amsar na zauna a bakin gado, na rasa murna zan yi ko kuka.

Duk da haka ina nan tafe, da akwatina da tsofaffin takalman aikina. Za ki yi haƙuri da ni a farko. Ban san ranar da ruwan famfo yake zuwa ba, ban san wane makulli ne na ƙofar baya ba, ban ma san abin da kike yi da la'asar ba idan kin dawo daga makaranta. Sai kin koya min.

Ki gaishe da Inna, ki ce wannan karon ba da hutu zan zo ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Baban yara