Na Rubuta “Na Duba” Alhali Ban Ga Bayanta Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa malaman asibiti masu haɗuwa ran Juma'a a Sabon Garin Gusau. Malam sakatare, ka karanta musu wannan takarda amma ka rufa mini asiri, kada ka faɗi sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ni dispensa ne, mai ba da magani a ɗakin shan magani na En'e a wani ƙauye ta wajen Bungudu, shekarata biyu a can. Manomin da ya ba ni masauki tun zuwana, wanda nake kira Baba, matarsa ta haihu, bari in ce da ita Hajo. Kwana goma sha biyu da haihuwa, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta hau gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, barci mai nauyi ya kwashe ta, sai ƙaurin zane aka ji. Aka kira ni, amma iyakata zaure, Baba ya ce namiji ba ya ganin bayan mai jego, ungozoma za ta gani ta faɗa mini. Tsohuwar ta fito ta ce inda ya yi ja ya tashi bororo tafin hannu biyu ne kawai, na tambayi zafi, ta ce:

“Malam, ba ta jin zahi, sauran wurin ma ya yi hwari tas.”

Wallahi na san abin da likita ya koya mana, ka gani da idonka, ka ƙirga da tafin hannun mai ciwon, ka taɓa wurin da allura. Amma kunya ta hana ni matsawa, mutumin da nake cin tuwonsa ne. Na rubuta wa likita a Gusau cewa na duba, ƙuna ce ta sama, tafi biyu. Direban motar gyaɗa ya dawo da amsa, wai tunda haka ne ba sai an wahalar da ita a hanya ba, a riƙa shafa shuɗin magani. Likita ba shi da laifi, abin da na rubuta ya karanta.

Jiya matata ta shiga gaishe ta, ta dawo ta same ni. Ta ce farin nan tun daga kafaɗa har ƙugu yake, busasshe kamar ƙirgi, ta danna shi da farce Hajo ba ta ma san an taɓa ta ba. Ta ce ta auna da ido ya haura tafi goma, ga ƙishirwa, ga zazzaɓi, fitsari ɗan kaɗan, kuma ɗakin ya fara wani wari da turaren wuta bai rufe ba. Kun san abin da wannan yake nufi, ni ma na sani, wutar ta cinye fatar har ciki, ciwon kuma ya fara ruɓewa.

Na sami Baba na ce a kai ta Gusau, ya ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma me ya yi zafi, ba ga takardar likita ba? Ya zaro ta daga aljihu ya nuna mini. Da ƙaryar da na yi yake kayar da ni, bai sani ba.

In na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, Baba kuma ba zai sake yarda da bakina ba, ƙila ma ya ƙi ba da ita. In na yi shiru, jaririyar nan za ta tashi ba uwa. Wa zan fara tunkara, likita ko Baba ko hakimi? Motar tana juyowa da la'asar, ku ba direban amsa, kada ku bari sai wata Juma'a.

Ɗazu da safe Baba ya aiko mini da goro na godiya, wai maganina ya karɓe ta, yau ko nishi ba ta yi.