Yau Kai Ne da Yaran

Baban yara,

Jiya a gaban ƙanwarka ka ce tun da aka ba yara dogon hutu ba ni da aiki sai kwanciya a gaban fanka. Har da dariyarku. Na ji.

Na tafi gidan Yaya, sai dare. 'Yan biyu sun juye ruwan firji kakaf a kan kujerarka ta falo, wai tafki suke yi. Ina kallo, ban hana su ba. Auta ya tashi da ƙurajen zafi a wuya, ka shafa masa hoda kafin ya fara ihu.

Na saya wa kowannensu usur, na ce kana son jin ƙararsa. Kada ka wahalar da kanka da kira, wayata tana kicin.

Maman yara