Na Koyi Aski Saboda Baba, Yanzu Ko Buroshi Ya Gani Sai Ya Rufe Baki

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ban saba rubuta wa jarida ba, hannuna ya fi sabawa da siminti, saboda haka idan kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Sana'ata shimfiɗa tayil. Wuni nake yi a durƙushe a gidajen mutane, in dawo gwiwa na ciwo, baya na ciwo. Muna zaune a saman bene ni da matata da yara, kuma mahaifina yana wurina tun bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hagu ya taɓa masa, hannu da ƙafa, har bakinsa ya ɗan karkace ta wannan gefen. Magana tana fita, amma sai wanda ya saba da shi yake ganewa. Baba tsohon direban babbar mota ne, mutum mai tsafta da son gayu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin gemu a haɓarsa ba. Gashin baki kawai yake bari, sai ya taje shi ya gyara kafin ya taka ƙofar gida. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, takan tsokane shi ta ce ya fi kula da gashin bakin nan a kan 'ya'yan da ya haifa.

Da farko wurin samarin nan masu injin aski na bakin layinmu nake kai shi. Kiɗa kamar zai fasa kunne, yaro yana aski ido na kan ƙwallon da ake nunawa a talabijin, washegari kuma wuyan Baba ya feso da ƙuraje. Rannan sai ya yi ta maimaita min wani suna, da ƙyar na gane Sannu-Sannu yake cewa. Ashe wani tsohon mai aski ne a bayan tashar da Baba ya yi aiki. An sa masa sunan ne saboda ko gobara ta tashi sai ya gama fuskar da ke gabansa.

Gwaggo, shagon bai kai a kira shi shago ba. Kujera ɗaya ce mai kwantawa baya, duk an liƙe fatarta da salatif, sai benci da tsofaffi ke zama a kai suna gardamar da ba ta ƙarewa, sai buta a kan risho. Amma ki ga aiki. Ya jiƙa tawul da ruwan zafi ya lulluɓe fuska. Ya kaɗa sabulu da buroshi a ɗan kofi har kumfa ta tashi. Ya ɓare sabuwar reza a gaban idonka ya sa a aska, ya ja fata da yatsu biyu, ya bi kwanciyar gashi a hankali. Idan ya gama ya wanke da ruwan sanyi ya goga alif. Ina tsaye ina kallon Baba, na ga kafaɗunsa sun sauka, abin da rabona da gani tun kafin ciwon.

Da aka gama masa sai ya nuna min kujerar da hannunsa mai lafiya. Na ce a'a, ya sake nunawa. Na zauna don kada in ba shi kunya a gaban abokansa. Ana ɗora min tawul ɗin nan ban sake sanin inda nake ba. Dariyar tsofaffin ce ta tashe ni, wai minsharina ya hana su gardama. Ban san na gaji haka ba sai ranar. Kullum ni ne mai ɗagawa, mai wankewa, mai shanyawa, na manta rabon da wani ya taɓa ni don ya kula da ni. Ba zan ɓoye miki ba, ƙwalla ta zo min, na ce alif ne ya shiga idona.

Daga nan abin ya shiga raina. Na sayi buroshi da sabulun aski da alif da aska irin tasa, na fara gwadawa a fuskata. Makonnin farko matata kan tambaye ni ko da kyanwar maƙwabta muka yi faɗa. A hankali na gane ba a danna aska, ba a gaggawa, ba a bi ta kan busasshiyar fata. Ƙurajen da na yi shekaru ina fama da su suka tafi. Har yau ɗan lokacin nan da nake rufe ƙofar banɗaki da safe ina kaɗa kumfa shi ne kaɗai lokacin da ba wanda yake kiran sunana.

To ga inda matsalar ta faro. Kai Baba wurin Sannu-Sannu ba ƙaramin aiki ba ne. Sai na goya shi mun sauko bene, in nemo abin hawa, in rasa rabin wuni na aiki, in sake goyo shi mu hau. Wata rana bayana ya riƙe muna tsakiyar matakala, saura ƙiris mu gangaro mu biyu. Na ce tunda hannuna ya faɗa, me zai hana in riƙa yi masa a gida? Akwai kuma abin da na daɗe da lura da shi ban faɗa ba saboda girmamawa. Ina jin idon Sannu-Sannu ya fara rauni, don kullum a karkace yake barin gashin bakin Baba, gefen hagu ya fi tsawo da kauri, har ya sauko ya rufe ƙarshen leɓe. Ni kuwa idona ba ya jure karkataccen abu. Ko gidan mutane na shiga na ga hoto ya jirkice a bango, sai na danne zuciyata kafin in ƙyale shi.

Ranar da na yi masa, na zaunar da shi a kujera kusa da taga, na yi komai yadda ake yi. Ko ƙwarzane babu. Har lumshe ido ya yi lokacin da nake bin wuyansa da aska. Da na gama sai na ɗauko almakashi da mataji na daidaita gashin bakin, dama da hagu suka zo cif, ko ma'aunin aikina aka ɗora ba za a sami kuskure ba. Na miƙa masa madubi ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo. Sai ya kife madubin a cinyarsa ya juyar da kai bango.

Tun daga ranar ko buroshi ya gani a hannuna sai ya sa tafin hannu ya rufe baki. Na ce shi ke nan, hannuna ne ba ya so, mu koma wurin Sannu-Sannu. Ya riƙe ƙarfen gado gam, ya ƙi. Baƙi in sun zo dubiya sai ya ja bargo har hanci ya yi kamar barci yake. Abinci ma sai mun fita daga ɗakin yake ci. Yau fiye da wata guda ke nan, fuskarsa ta zama daji, furfura ko'ina, kamar wanda ba shi da kowa.

Yayata, wadda take aure a nesa, ta gan shi ta waya ta fashe da kuka. Ta ce mun yi watsi da shi, ta ce matata ta gaji da jinya, ƙarshen wata za ta zo ta tafi da shi. Gaskiya gidanta babu bene. Amma wuni take a wurin aiki, kuma bai san kowa ba a can. Abin da ya fi ba ni kunya, da ta faɗa sai da wani ɓangare na zuciyata ya ce ta zo ta ɗauka in huta. Da na kalli gadonsa na tuna zai zama wayam, sai kuma na kasa cin abinci.

Matata ta ce in lallaɓa in aske shi yana barci kafin Yaya ta zo. Ni dai ban san me na yi masa ba. Ko kunya yake ji ɗansa ya taɓa masa fuska? In matsa masa, ko in sakar wa Yaya shi? Na gaji, Gwaggo, amma ba na so ya bar gidana yana fushi da ni.

Naki,
Mai tayil da bayansa ya riƙe

*

Ɗana,

Kafin komai, ajiye askar nan. Ba a kai wa mai barci reza a wuya, kuma ba a danne uba a aske shi don a burge mai zuwa dubiya. Matarka tsoron zargi ne ya sa ta faɗi haka, kada ka ga laifinta, amma kada ka yi.

Ni ban taɓa riƙe aska ba, sai dai na karanta wasiƙarka da kyau, kuma ina ganin amsar tana ciki. Ka ce bakin Baba ya karkace ta hagu. Ka kuma ce ta hagu mai askin yake barin gashi ya sauko ya rufe ƙarshen leɓe. Anya mutumin da yake bin maƙogwaron jama'a da reza bai yanke kowa ba, idonsa ne zai gaza a kan gashin baki? Ina kyautata zaton da gangan yake yi, yana rufa wa abokinsa asiri, kuma irin wannan ba a faɗarsa a gaban mai shi. Ban ga Baba ba, don haka ba zan rantse ba. Amma duba abin da yake yi: hannu a baki, bargo har hanci, cin abinci a ɓoye, ƙin zuwa inda tsofaffin abokansa suke. Bakinsa yake ɓoyewa. Ranar nan a madubi ya ga abin da ciwon ya yi masa fili, ba abin da ya kare. Gashin da kuke gani kamar ƙazanta, ina jin jira yake ya tsiro ya mayar masa da abin da aka yanke.

Ban ce ka yi mugunta ba. Sana'arka ce ta koya wa idonka cewa duk abin da ya karkace gyara yake nema, kuma da ƙauna ka yi. Batun wai ba ya son hannunka, cire shi daga ranka. Mutum ba ya lumshe ido aska na wuyansa sai a hannun wanda ya yarda da shi.

Ga abin da za ka yi. Je wurin Sannu-Sannu kai kaɗai, ka faɗa masa abin da ya faru, ka tambaye shi. Idan haka ne, roƙe shi ya zo gida ko sau ɗaya, ko ya nuna maka yadda yake barin gefen. Sannan ka ja kujera ka zauna kusa da Baba, ba kowa a ɗakin. Ka ce masa kana jin ka yanke abin da bai kamata ba, ya yafe maka, ba za ka sake kusantar gashin bakinsa ba sai da izininsa, kumatu da haɓa kawai kake so ka share masa. Ka jira amsarsa komai daɗewar da za ta yi kafin ta fito. In ya yarda, ba shi madubin tun kafin ka fara, ya riƙe da hannunsa mai lafiya, ya nuna maka inda za ka tsaya. Idan kuma bayan haka ya ci gaba da ƙin mutane da rage cin abinci, ka gaya wa likitansa. Baƙin ciki yakan biyo bayan irin wannan ciwo, kuma ana maganinsa.

Yayarka ba abokiyar gaba ba ce. Ubanta ta gani a ɗan gilashin waya ya koma wani iri, ta tsorata. Ta yi kuskure da ta zargi matarka, amma tana da gaskiya a kan benen. Ranar da bayanka ya riƙe, da kun gangaro, da yanzu majinyata biyu ne a gidan. Kira ta kafin ta taso, ka ba ta labarin gashin bakin, ka kuma faɗa mata a fili cewa ka gaji. Gajiya da jinya ba rashin ƙauna ba ce, duk wanda ya yi ta ya sani. Ku raba nauyin: a sami mai kama maka saukowa da shi, a fara neman gidan ƙasa, ita ma ta riƙa karɓarsa na ɗan lokaci idan ya ji ƙarfi. Abu ɗaya dai, kai da ita kuna ta yanke inda zai zauna, ban ji inda ɗayanku ya tambaye shi ba. Haka aka yi wa gashin bakin. Bakinsa ne ya yi nauyi, hankalinsa yana nan.

In ka je shagon, kada ka yi tambaya a tsaye ka juyo. Zauna a kujerar nan a ɗora maka tawul. Ka tuna wanda ya fara nuna maka ita, har sau biyu, da hannu ɗayan da ya rage masa. Ya ga gajiyarka tun kai ba ka gan ta ba. Yi barcinka, tsofaffin su yi ta dariya.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sassauta maka bayanka, ya saka maka da alheri kai da matarka.

Gwaggonku