Askin Inabi

Abu Hail, Dubai
Maris, 2021

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Umma? A gaishe mini da Mahfuza da yaranta.

Hoton gonar da Yaya Ɗalhatu ya turo ya iso. Wallahi da na gani sai da na nemi wuri na zauna. Tun da ruwa ya zarce har ƙarshen Oktoba, cutar nan mai kama da toka ta rufe ganyen inabin, hankalina bai kwanta ba, don ni na sa ka bar masara ka dasa shi. Da na ce a yanke rassan kaf, a ƙone ganyen, a fesa farar wuta, kamar yadda wani Ba'indiye manomin inabi ya koya mini, cewa ka yi, "Wannan ba noma ba ne, aski ne." Amma ka daure ka yi. Ga shi yau kowane reshe ya sunkuya da 'ya'ya. Alhamdulillahi.

Ni lafiya lau nake. Sai dai bara, lokacin korona, an sallame mu daga shagon kayan marmari, na daɗe ina kwana a falon abokina Haidar. Ban faɗa ba, damuwar gona ta ishe ka. Yanzu na samu aiki a unguwar Port Saeed, nan Dubai, wajen masu kago, masu tura kaya ƙasashen waje, biza ma ta fito.

A tsinka da sanyin safiya, a fara kai wa Umma. Ka sa mini albarka, Baba. Ni ma an yi mini askin, kuma na fara toho.

Ɗanka,
Nasrullahi